Matakalar da Na Goge

Ni dai ban iya zama wuri ɗaya ba idan abu ya dame ni, kowa a gidanmu ya san da haka. Ranar Larabar nan kuwa tun ƙarfe takwas na safe nake zarya tsakanin teburina da taga, har Dogo, mai haɗa mana akwatunan na'ura, ya ce in tausaya wa simintin ɗakin.

"Ki zauna mana, Auta. Kina sa ni jiri."

"Ka rufe idonka," na ce masa.

Ƙarfe huɗu na yamma Oga, shugabarmu a wurin aiki, ta sa za ta zauna da Baba. Ba wanda ya faɗi dalilin zaman, amma har mai shara ta sani: Baba zai ajiye makullin ɗakin gwaji, makullin da ya shekara goma sha tara a aljihunsa.

Wuri ɗaya muke aiki ni da mahaifina. Ƙaramin kamfani ne, ɗaki uku a saman wani shagon tayoyi, muna ƙera na'urorin asibiti. Baba ya fi kowa daɗewa, ni kuma watana biyar kacal. Ranar da Oga ta ɗauke ni ta kalle ni ta saman tabarau ta ce ita ba ta son aikin 'yan gida ɗaya, don in ɗaya ya yi ɓarna ɗaya ne zai rufa masa. Ta ce allona na farko shi zai nuna ko zan zauna ko zan kama gabana. Na ce mata na ji. A raina kuwa cewa na yi, za ki gani.

Na'urar da muke yi ta sauraren bugun zuciyar jariri ce tun yana ciki. A cikinta akwai allo kore, bai fi tafin hannu ba. In ka gan shi sai ka ce falle ɗaya ne, alhali falle huɗu ne na jan ƙarfe aka manne su wuri guda, da abin da ke raba su a tsakani. Tun ina 'yar sakandare Baba ya koya mini jerinsu a kan teburin cin abinci, da takardu huɗu, Mama tana ta mitar mu kwashe mata tarkace.

Fallen sama, ya ce, shi ne na hanyoyin sigina, nan ne ƙaramar muryar da kake son ji take bi. Na biyu, dab da shi, shi ne ƙasa: jan ƙarfe shimfiɗe daga gefe zuwa gefe, ba yanka ba rami. Na uku na wuta ne, shi ana yayyanka shi kashi-kashi, don kowane ɓangare da irin ƙarfin wutar da yake sha. Na huɗu sauran hanyoyi.

"Lantarki duk inda ya fita sai ya koma gida," in ji shi, yana jan yatsa a ƙarƙashin takardar sama. "Kuma ta ƙarƙashin hanyar da ya bi yake son komawa. In ya tarar da shimfiɗa lafiyayya, zai koma shiru. In ya tarar an yanke, sai ya yi zagaye. A zagayen nan ne yake kwaso surutun duniya, shi ma ya watsa nasa."

Wannan karatu na haddace shi kamar sunana. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne.

A sabuwar na'urar, Baba ne ya tsara ɓangaren da muke kira kunne, mai ɗaukar bugun ya ƙara masa ƙarfi. Ni kuma na zana allon gaba ɗaya, na jera fallayen, na tura wa masana'antar da ke bugawa. Da allunan suka iso aka haɗa, komai ya kama. Fitila ta kunnu, lambobi suka fito. Na yi ta yawo a ɗakin ina jin kaina.

Sai Yaya ta zo. Yayata ce da nake bi, cikinta wata bakwai, ita ta nace sai an fara da ita. Ta kishingiɗa a doguwar kujerar ofis, Baba ya durƙusa gefenta yana murmushin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba, ya ce yau zai ji ko jikan nasa mai surutu ne irin uwarsa. Ya kunna.

Shuuuu. Kamar ana soya abu a mai. Can ƙarƙashi, in ka kasa kunne sosai, akwai wani ɗan dum-dum, amma da allon lambobin ya ƙara haske sai ya nutse. Ana haka wayar Dogo ta yi ƙara a aljihunsa, na'urar ta ɗauka, kirrr-kirrr, har Yaya ta zabura ta dafe ciki.

"Baba, lafiya yaron yake?" ta tambaya.

"Lafiyarsa ƙalau. Na'urar ce ba ta da lafiya," ya ce. Ya kashe, ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe.

Bayan kwana uku aka kai na'urar ɗakin awo na waje, suka dawo mana da takarda cewa ba kwasar surutu kaɗai take yi ba, ita ma tana watsawa fiye da yadda aka yarda. Daga nan ido ya koma kan kunne. Ina kuma zai koma? Surutu a kunne ake jin sa, kuma mai kunnen ya haura sittin, hannunsa ya soma rawa in yana liƙi da dalma. Mako guda Baba yana cire wannan yana sa wancan, yana naɗe allon da takardar ƙarfe, yana sake awo. Shuuuu ɗin nan ko gezau. Ranar Litinin da yamma ya shiga ofishin Oga, ya bar ƙofa a buɗe, muka ji shi da kunnenmu.

"Daga ɓangarena ne. A sake buga allon, Auta za ta iya. Ni kaina ya soma gajiya."

Wallahi na ji tausayinsa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu in na tuna. Kwana biyu ina kawo masa shayi har tebur, ina yi masa magana a hankali kamar mai jinya, ina karɓe ƙananan abubuwa daga hannunsa wai kada su faɗi. Shi kuwa sai ya ce "Allah ya yi miki albarka," ya sunkuyar da kai. A zuciyata har na gama yanke hukunci cewa tsufa ne, kowa da ranarsa.

To amma jikina ya ƙi yarda. Ranar Larabar da sha biyu ta yi ban iya cin komai ba. Na buɗe kwano na rufe. Na leƙa titi, masu tayoyi suna ta buge-bugensu. Mama ta kira ta ce babanku bai karya ba ya fita, me ke faruwa ne, na ce mata aiki ne ya yi yawa, ta ce ni da shi duk ba mu iya ƙarya ba. Na ajiye wayar, can bayan ƙarfe uku na ɗauki ɗaya daga cikin allunan ina juya shi a hannu don kawai hannun ya sami abin yi.

Babban yatsana ya bi gefensa. Sumul.

Baba yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa aiki da shi ya sani. Kowane allo ya zana, sai ya bar ɗan zirin jan ƙarfe a bakin gefe a kan kowane falle: na sama gajere, na biyu ya ɗan fi shi tsawo, na uku ya fi, na huɗu ya fi duka. Idan masana'anta ta yanke allon, sai ziraren su bayyana a gefen kamar matakala. Duk ranar da sababbin alluna suka iso, kafin kowa ya jona wuta, zai ɗauki ɗaya ya je taga da madubinsa na ƙara girma, ya ƙirga a fili, ɗaya, biyu, uku, huɗu. In matakalar ta hau daidai, fallayen suna inda ya kamata. Dogo yana tsaya bayansa yana kwaikwayonsa, mu yi ta dariya.

Ni na goge ta. Akwatin na'urar ya matse, ina neman wuri ɗan kaɗan a gefe, na ga matakalar zaune tana cin fili ba ta aikin komai. Na ce wannan kayan zamanin da ne, masana'antun yanzu injin ne ke jera musu, wa zai yi kuskure. Dannawa ɗaya na yi ta tafi. Ban gaya masa ba, don na san zai yi mini wa'azin minti arba'in.

Sai a lokacin na tuna ranar da allunan suka iso. Ya je taga kamar kullum. Ya juya gefe ɗaya, ya juya na biyu, har huɗun. Ya ɗago ya kalle ni. Ni ina can ina ba Oga labarin yadda na matse komai ya shiga. Ya mayar da madubin aljihu.

Na zauna, karo na farko a ranar, na buɗe kwamfuta na nemo takardar da na tura wa masana'anta, wadda ke faɗa musu wane falle ke bin wane. Layi huɗu ne kawai. Na karanta sau uku. Na ɗaya, sigina. Na biyu, wuta. Na uku, ƙasa.

Ashe na juya su. Da hannuna, ranar da nake sauri don in tura kafin a tashi. Kuma allon zai yi aiki a haka, don ramukan da ke haɗa fallayen suna ratsawa daga sama har ƙasa, ba ruwansu da wa ke sama da wa. Fitila za ta kunnu, lambobi za su fito. Sai dai kunnen Baba, maimakon ya kwanta a kan shimfiɗa lafiyayya, yana kwance a kan fallen wuta da aka yayyanka gida uku.

Na miƙe, na koma na zauna, na sake miƙewa. Na ce wa kaina ƙila mutanen masana'antar sun lura sun gyara. Mutum in ya so yaudarar kansa ba ya rasa hanya. Abu ɗaya ne zai raba gardama: in kankare allon daga sama da takardar gurza har jan ƙarfe na biyu ya fito, in ɗora mita, mai yin ƙara in wuri biyu suna haɗe, in ga da wa yake haɗe. Takardar gurza da madubi kuwa suna aljihun teburin Baba.

"Ina Baba?" na tambayi Dogo.

Bai kalle ni ba. "Ya sauka shago neman kwali."

Kwalin zuba kayansa ke nan. Na ja aljihun teburin da ƙarfi har ya kusa fitowa gaba ɗaya. Ga takardar gurza, ga madubi. A ƙarƙashinsu kuma ga allo ɗaya irin namu, an riga an kankare shi.

Kankara ce mai tsabta, zagaye kamar kwabo, irin wadda hannu mai haƙuri kaɗai ke yi. Jan ƙarfen ciki yana sheƙi a tsakiya. A bayan allon, da alƙalaminsa baƙi, ya rubuta Litinin, kamar yadda yake rubuta rana a kan duk abin da ya gwada. A ƙarƙashin allon akwai takarda a ninke, an rubuta Auta a kai. Na buɗe. Jerin fallaye ne da rubutunsa, na biyu ƙasa, na uku wuta, da zanen matakala a gefe. Ba wata kalma bayan wannan.

Duk da haka sai da na ɗauko mita. Tsinke ɗaya a kan jan ƙarfen da ya kankaro, ɗaya a kan ƙasa. Shiru. Na matsar da shi kan wuta. Tiiii.

Kunya ce ta fara zuwa, amma ba ta daɗe ba, fushi ya ture ta. Na kwashi allon da mitar na sauka a guje, Dogo yana kira na ban waiwaya ba. A bakin ƙofar ƙasa na ci karo da shi, rungume da kwalin man inji, yana karkaɗe ƙurar ciki.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya kalli allon, ya kalle ni. "Wa ya ce ki buɗe mini aljihu?"

"Tun Litinin ka sani."

"Rage murya, muna titi."

"Tun Litinin ka sani, ka shiga ka ce kanka ya gaji. Ka bar ni ina kawo maka shayi ina kallon ka kamar wanda ya gama yayi."

Ya ajiye kwalin a kan wata taya. Mai shagon ya leƙo, ya ga fuskata, ya koma ciki.

"Auta, saurara. Ni na yi nawa. Ko yau ko baɗi, dama zan ajiye makullin nan. In aka ce tsoho ya yi kuskure ba wanda zai yi mamaki. Ke kuwa allo ɗaya ne da ke a duniya, kuma kin ji abin da matar nan ta faɗa ranar farko. Za a sake bugawa, ki bi takardar da na bar miki, ya fito shiru, a ce yarinya ta gyara abin da ubanta ya ɓata. Ina laifi?"

"Laifin shi ne kunnenka lafiyarsa ƙalau."

Ya kawar da kai. Amma na ga bakinsa ya motsa, don duk duniya ba abin da yake alfahari da shi kamar kunnen nan. Wata takwas ya yi a kansa.

"Da ranar da suka iso ka tsawata mini," na ce. "Da ka ce ina matakalata a gaban kowa. Da Dogo ne ya goge ta, da har yau yana jin bakinka."

"Dogo ba ɗana ba ne."

"A saman nan ni ma ba 'yarka ba ce. Haka ka ce mini ranar da na fara."

Ya ɗauki kwalinsa. "Huɗu saura kwata. Ki koma teburinki, kada ki sa baki."

Ban koma ba. Na riga shi hawa, na wuce ofishin Oga ko ƙwanƙwasawa ban yi ba. Tana waya, ta ga yanayina ta ce za ta sake kira. Na ture takardunta gefe, na ajiye allon, na ɗora tsinken mita. Ƙasa, shiru. Wuta, tiiii. Ita ma ta yi aikin nan kafin ta zama Oga, ba ta buƙaci dogon bayani ba. Ta cire tabarau.

"Wa ya rubuta takardar jeri?"

"Ni."

"Matakalar fa?"

"Ni na goge."

"Wa ya kankare wannan?"

Ta juya allon ta ga rubutun. Daidai lokacin Baba ya tsaya a ƙofa da kwalinsa. Ta ɗago ta kalle shi.

"Shekara goma sha tara ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, Malam."

"Haka ne," ya ce.

"Abin da na ce zai faru ranar da na ɗauke ta, shi ya faru."

"Shi ne," na ce, kafin ya buɗe baki. "Sai dai wadda aka rufa wa ta ƙi rufuwa. In akwai mai tafiya, ni ce."

"Ban tambaye ki ba." Ta mayar da tabarau. "Malam, ka mayar wa masu tayoyi kwalinsu. Ke kuma, daga yau ba takardar da za ta fita daga hannunki sai ya sa hannu a kai. Ko za ki kai ƙarshen wata a nan, ban sani ba tukuna, raina a ɓace yake. Ku fita, dukanku."

Muka fita. Dogo ya duƙufa a kan wani akwati da ya gama haɗawa tun safe, yana ta ɗaure kusar da ke ɗaure. Baba ya wuce teburinsa, ya jefar da kwalin ƙasa, ya zauna. Na tsaya daga nesa ina jira. Ban san ko zai sake yi mini magana a ranar ba.

Ya ja aljihun, ya ga yadda na hargitsa shi, ya ɗauko madubin ya goge da gefen riga. Sannan ya juyo, da wata murya da rabon da in ji ta tun ina sakandare.

"Zo nan. Wa ya ba ki izinin goge mini matakala?"

"Wuri ne ya..."

"Wuri? Ɗan wurin da bai kai ƙwayar shinkafa ba? Layi huɗu aka ce ki rubuta, huɗu, kika kasa karanta su sau biyu kafin ki tura. Kin tsorata yayarki da tsohon ciki. Kin sa na yi mako guda ina zargin abin da ba shi da laifi. Shekara nawa ina gaya miki ƙasa tana bin sigina? Buɗe zanen. Jawo kujera. A'a, ba waccan ba, wannan, inda zan ga hannunki."

Ya yi ta yi, a gaban Dogo, a gaban mai shara, ƙofar Oga a buɗe. Ya wuce minti arba'in ɗin da na guje wa, bai rage mini ko kalma ɗaya ba. Yatsan da yake nuna mini fuskar kwamfutar da shi ko rawa ba ya yi.

Na zauna ina zana ziraren ɗaya bayan ɗaya, gajere, mai bi masa, mai bi masa, hawaye na sauka a kan madannan, kuma tun safe sai lokacin ƙafata ta daina neman tashi.

"Ƙirga," ya ce. "A fili. Ba na ji."